Arlo Mai Hannu a Aljihu

Kowace Asabar, tun raɓa ba ta bushe a kan ciyawar filin jirgin garinmu ba, Arlo Tollefson ya riga ya ture ƙofar babbar rumfar ajiye jirage, ya ɗora kofi, ya kori tsuntsayen da suka kwana a kan fukafukan jiragen mutane. Daga nan sai ya zuba hannuwansa biyu a aljihun wando, ya shiga zagaye. Ya leƙa jirgin da wani ke haɗawa, ya sunkuya ƙarƙashin na wani, ya shinshina man injin na gaba. Ba ya taɓa komai. In ya ga noti bai zauna ba, sai ya tsaya a kansa yana kallo kamar mai jiran mota, har mai jirgin ya tsargu ya zo da sifana.

Haka ya yi wa ƙungiyar masu haɗa jirgi da hannunsu ta wannan yanki na Minnesota tun wasu daga cikinsu ba su yi gemu ba, kuma ba a taɓa biyansa ba. A wannan watan ya ajiye aikin. Da ma makanikin jirage ne, mai takardar shaida, ya yi ritaya tuntuni. Duba jiragen maƙwabta shi ne abin da ya rage masa, yanzu shi ma ya sauke.

Ana ta yabonsa, kuma yawancin yabon ya kauce hanya. Kowa cewa yake Arlo mai hannu ne, hannunsa ya san ƙarfe. To, wa ya ga hannun? Wasu kuma na raɗa cewa yana ɓoye su ne saboda rawar da suka fara. Waɗannan ba su daɗe a garin ba. Tun hannun nan yana iya zura zare a allura cikin sanyin Janairu yake zaune a aljihu. Doka ta ce wanda ya haɗa jirgi a gida, fiye da rabin aikin ya zama nasa. Arlo ya ɗauki dokar da nauyi fiye da waɗanda suka rubuta ta. Yakan ce mutumin da zai zauna a ciki shi kaɗai a sama, shi ya kamata ya san inda kowace kusa take.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan hali shi ne Duane Bakken, manomin masara da waken suya, abokin Arlo tun suna aji ɗaya. Duane ya yi shekaru yana haɗa jirgi mai kujera biyu a rumbun da mahaifinsa ke ajiye shanu. Matarsa Bernice takan ce ita ta auri rabin mutum, sauran rabin yana rumbu. A kakar bara aka kusa kammala jirgin, aka kawo shi filin. A kakar ce kuma idon Duane na hagu ya fara hazo. Likitan matuƙa zai duba shi kafin ƙarshen kaka, kuma Duane ya san abin da za a gaya masa. In bai ɗaga jirgin nan kafin ranar ba, ba zai taɓa ɗaga shi ba.

Abu ɗaya ya rage, gwamna. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi dunƙulen hannu ba, ana ɗaura ta a jikin inji, ita ke tura mai cikin farfela tana karkata hannayenta, su ɗebi iska da yawa ko kaɗan, don kada inji ya yi gudun hauka ko ya shaƙe. Matuƙi yana gaya mata abin da yake so ne ta wani shuɗin mariƙi da ke gabansa.

Duane ya iso wata Asabar da kwali a hammata. Ya buɗe shi a kan tebur, tsakanin kofuna. Gwamna ce tsaf, an naɗe ta da tsohuwar riga. Ta ƙaninsa Curt ce, wanda ciwon zuciya ya ɗauke shekarun baya, mutumin da ke juya jirgi a sama kamar fanke a kasko har matan coci su rufe ido. Da aka sayar da jirginsa gunduwa-gunduwa, Duane ya riƙe wannan da wasu tarkace.

Ya ce, "Na gwada, ta zauna daram. Ramukan noti duk sun yi daidai."

Arlo ya sunkuya yana karanta ɗan farantin da ke jikinta, hannu a aljihu. "Takalmin Bernice ma ƙafa biyu ne kamar naka. Sa mu gani."

"Kai dai faɗi abin da za ka faɗa, tsohon banza."

"Abu uku ake tambayarta. Ina take juyawa, da wane sauri, kuma in ta tura mai, me take nufi. Biyu ta ci. Na ukun ne matsala. Farfelar Curt ta masu wasa a sama ce, in an tura mata mai sai ta rage ɗiban iska. Taka in an tura mata, ƙarawa take. Kana cewa zo, ita tana jin tafi."

"Ai akwai sukurun da ake juyawa."

"Akwai. Ba don wannan aka yi shi ba."

Duane ya mayar da rigar ya rufe ta. Ya ce ya buga wa masu sayarwa waya, sun ce sabuwa sai bayan dusar ƙanƙara ta sauka. Sannan ya faɗi abin da ke ransa, idonsa a kan kwalin. "Na ce wa Curt tare za mu ɗaga jirgin nan, Arlo."

A nan masu ba da labarin a gidan shan kofi suke ƙara gishiri. Suna cewa Arlo ya ceci ran Duane, da ya tashi da wannan gwamnar da ya faɗo a gonar wani. Ba haka ba ne, kuma Arlo zai fara ƙaryata su. Irin wannan kuskuren tun a ƙasa yake tona kansa. Abin da zai kashe ba Duane ba ne, 'yan makonnin da suka rage masa ne. Duk wanda ya san shi ya san zai ƙare su yana juya sukuru, yana zagin inji, har ranar likita ta zo jirgin na ƙasa.

Arlo bai tsaya gardama ba. Ya san da mutumin da yake magana. Ya ce, "Ɗaura ta. Mu ɗaure wutsiyar jirgin a jikin motata, ka tayar."

Duane ya ɗaura. Aka tayar, inji ya ɗauka da daɗi, yana ƙara wuta sai farfela ta ɗebi iskar da ta fi ƙarfinta, injin ya riƙa gurnani kamar taraktar da ta kafe a laka. Ya sake gwadawa, haka. Ya kashe, ya sauko, bai kalli kowa ba. Bernice ta miƙa masa kofi ya wuce ta. Da zai shiga mota ya juyo ya ce wa Arlo, "Ka ji daɗi ko? Shekara da shekaru kana tsaye kana kallon mutane suna shan wuya. Ka taɓa ciro hannun nan ka yi wa wani abu?"

Arlo ya nufi wutsiyar jirgin. Ya kwance igiyar ya naɗe.

A ƙuryar rumfar akwai wani jirgi ruwan ƙwai, na Arlo, wanda ya haɗa da kansa tun matarsa na da rai. Injinsa da farfelarsa irin na Duane ne sak. Kowace kaka, in ganye ya juya, yakan ɗaga shi zuwa tabkunan arewa ya kama kifi. Da ma ya gaya wa mutane biyu ko uku cewa na bana ne na ƙarshe, don hannun ya fara gaya masa gaskiya. Mai yankan ciyawar filin ya ba da shaida cewa ranar Litinin ya ga Arlo ya cire murfin injin, ya wuni a kan aikin da a da yake gamawa kafin kofinsa ya huce. Noti ya suɓuce, ya durƙusa ya nema, ya sake.

Ranar Talata ya shiga gonar Duane, ya same shi a ƙarƙashin injin girbi, ya ajiye masa wata gwamna a kan taya.

Duane ya leƙo. "Ina ka samo?"

"Wani tsoho ne ba ya amfani da ita."

"Wane tsoho?"

"Ka cika tambaya kamar lauya. Ka zo da kwalin Curt gobe, duk tarkacen."

Washegari Arlo ya sa shi ya zazzage kwalin. Akwai tsohon agogon mai, akwai ɗamarar kujera, akwai wani shuɗin mariƙi da fentinsa ya goge ta gefe ɗaya. Arlo ya nuna shi da haɓa.

"Ka san Curt bai taɓa taɓa gwamnar can yana sama ba? Tana can gaba cikin zafi da mai. Wannan yake riƙewa. Dubi inda babban yatsansa ya cinye."

Duane ya ɗauka, ya ɗora nasa yatsan a gurbin. Ya shafa wurin da fentin ya goge. Sannan ya ce, "Hannun ɗan banzan kullum da maiƙo."

"To ka goge kafin ka ɗaura."

Duane ne ya yi aikin duka. Arlo na tsaye a bayansa. Da zai sa gaskit, ɗan shimfiɗin da ke hana mai yoyo, mai 'yar rariya a tsakiya, Arlo ya yi tari, Duane ya duba, ya juya ta daidai. Da aka zo wayar da ke haɗa mariƙi da gwamna, ya sa shi ya sake ta har sai da hannun gwamnar ya riƙa kaiwa maƙura alhali mariƙin bai taɓa allon gaban matuƙi ba, da sauran ɗan fili kamar kaurin fensir. Duane ya ce wannan tsirfa ce. Arlo ya ce tsirfar ce ke gaya maka abin da ka tura ya isa inda ka aike shi. Aka ɗaure wutsiya, aka tayar. Duane ya ja shuɗin mariƙin, muryar inji ta sauka, ya tura, ta hau. Ya yi ta ja yana turawa kamar yaro ya samu sabon famfo, har Arlo ya buga masa fiffike.

Jami'in gwamnati ya zo ya duba ya sa hannu. Wata safiya mai sanyi da ba iska, Duane ya ɗaga jirginsa. Ya kewaya filin, ya bi ta kan gonarsa, ya sauka da 'yar tsalle da har gobe ake tsokanarsa da ita. Bernice tana tsaye kusa da Arlo. Ita ta ce da ƙafafun jirgin suka bar ciyawa, hannun Arlo ya fito daga aljihu ya kama hannun rigarta, bai saki ba sai da farfela ta tsaya. Ya ce ƙarya take yi.

Duane ya yi ta tashi kusan kullum har ranar likita. Likita ya faɗi abin da aka sani zai faɗa. Da yammacin ranar Duane ya zo rumfa don ya rufe jirginsa, sai ya ga jirgin ruwan ƙwai a ƙurya, murfinsa a buɗe, an toshe gurbin gwamna da ɗan faranti. Ganye ya riga ya zube, tabkunan arewa sun fara daskarewa.

Ya juya wajen Arlo da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ashe kai ne tsohon."

"Kifin bana ma an ce ƙanana ne."

"Zan cire in mayar maka."

"Ka mayar mini in yi me da ita? In dafa?" Arlo ya duƙa ya ɗauki wani noti a ƙasa, hannun na rawa, ya sa a aljihu. "Bar ta inda take aiki."

Sabuwar gwamnar ta iso tare da dusar ƙanƙara. Kafin bazara Arlo ya miƙa lasisinsa na tuƙi da kansa, ba wanda ya tambaye shi.

Arlo, kai ne ka san cewa abu ya shiga rami ba shi ne ya dace ba. Kai ne ka bar abokinka ya zage ka a gaban matarsa, ba ka ce masa ai na gaya maka ba. Ka hana shi abin da ya zo da shi, amma ka fara gano abin da ya sa ya zo da shi, ka nemo masa inda zai sa ƙaninsa. Masu cewa a'a suna da yawa a garin nan, kowane teburin ofis da nasa. Wanda zai ce a'a ranar Asabar, ya kwance nasa ranar Litinin, kai kaɗai muka gani. Mun gode, dattijo.

Ku da za ku gaje shi a rumfar nan, kada ku tsaya kwaikwayon hannu a aljihu, wannan kowane malalaci ya iya. Ku koyi yadda ake sanin ranar da za a ciro shi.

Yanzu 'yar Duane, Kari, ita ke tuƙa jirgin. Ran Asabar in sama ta yi kyau takan ɗauki tsofaffin biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sai sun yi faɗa a kan wa zai fara. Duane ya ce jirginsa ne. Arlo ya ce in ba gwamnarsa, keken guragu ne mai fiffike. Kari ta ce in ranar Arlo ce, suna kaiwa sama takan ce masa ya riƙe shuɗin mariƙin. Yakan ce ba ya taɓa jirgin mutane. Sai ta saki, ta naɗe hannuwanta a ƙirji, ta jira.