Farashin Ɗaki a Bakin Dogo

Shekara goma sha tara Dogo yana riƙe da makullan wani masaukin baƙi mai ɗaki tara a Gidan Rumji, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin kuɗin ɗaki ɗaya ya fito daga bakinsa sau biyu iri ɗaya. Bai yi lakol ba, bai taɓa zama ajin boko ba. Karatunsa shi ne takalmin baƙo. Mai mota ya ji jika takwas, wato sefa dubu takwas, mai babur biyar, wanda ya kawo maras lafiya asibiti kuwa Dogo zai kau da kai ya ce ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wasu na cewa wayo ne, wasu na cewa tausayi. Gaskiyar magana, duka biyun ne, kuma wayon ya ɗan fi yawa.

Da mai masaukin ya rasu, 'yarsa Nasira ta zo daga Maradi ta karɓi gidan, ɗauke da ordinatar, wato kwamfuta. A ciki akwai manhajar da ake ba kowane ɗaki farashin tushe, sauran aikin kuma na manhajar ne: ranar kasuwa ta ƙara, da damina in baƙi sun ja baya ta rage. Nasira ta zaunar da Dogo a buro, ofishin masaukin, ta ce:

"Baba Dogo, ɗaki na ɗaya, nawa za mu sa?"

"Ga wa?"

"Ba ga kowa ba. Kuɗin ɗakin kawai."

"Ɗiyata, ɗaki ba shi da kuɗi sai mutum ya shigo."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi, don ya gane sarai: in farashi ya zauna a cikin na'ura, kowa ma zai iya zama a kujerarsa. Kwana uku yana kakkaucewa, yau famfo ya lalace, gobe zai je jana'iza a Tibiri. A rana ta huɗu kunya ta ci ƙarfinsa, ya zauna ya faɗi komai bai ɓoye ba. Ɗaki na uku ya fi na biyu tsada ko da girmansu ɗaya, saboda inuwar itacen bedi na rufe shi tun azahar. Na shida a rage masa jika guda, bangonsa ɗaya da mai injin niƙa. Na tara fankarsa na kuka, amma fatake na son sa don tagarsa na kallon inda suke ajiye kaya. Nasira tana bugawa tana girgiza kai. Da suka gama ta ce makullai na hannunsa, ba inda za shi.

Ranar kasuwa Buba ya iso, dillalin shanu ne daga wajen Gangara, wanda ya shekara goma sha biyar yana kwana a gidan. Cinikinsu da Dogo bai taɓa ƙarewa ƙasa da rabin awa ba, da rantse-rantse, da tashi kamar za a tafi, da shayi kofi uku a tsakani. Buba ya cire takalmi zai hau tabarma, ya ce:

"To ɓarawo, nawa za ka yanke ni yau?"

Dogo ya juya masa allon na'urar. Jika shida da rabi.

"Rage."

"Ba ni aka tambaya ba yanzu, Buba. Abin ga shi ka faɗi."

Buba ya daɗe yana kallon allon, ya rasa da wa zai yi faɗa. Ya mayar da takalminsa, ya biya a tsaye. Ba da mugun nufi ba ya tambaya:

"To kai mi kaka yi nan yanzu?"

Dogo ya ji abin har cikin ransa. Ya laluba aljihu, ya miƙa masa makullin na tara, ɗakin da ya san Buba ke so ba sai an tambaya ba.