Irin Geron Baba da Tsakuwa Biyu

Akwai wata safiya a gidanmu na Wurma da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ita ce safiyar ruwan fari, a daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba.

Baba ya bar mana irin gero a cikin wani tulu, wanda ya gada daga mahaifinsa. Shekarar da ta gabata ba a samu amfani sosai ba, don haka abin da ke tulun shuka ɗaya kawai zai yi. In muka shuka ruwa ya ɗauke, irin ya tafi ke nan. In muka jira da yawa, damina ta wuce mu. Da can Baba ne yake fita ya tona ƙasa da hannu, ya ce a shuka ko a dakata. Yanzu babu shi.

Muka zauna a tsakar gida, ni da Inna da Baffa, ƙanen Baba, da ƙanwata da ke karatu a jami'a a Dutsin-Ma. Baffa ya ce, "Gobe a shuka." A gidanmu ba a musa wa babba. Na ce ba laifi. Inna, tana cikin takaba, ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Da a nan maganar za ta ƙare.

Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ba laifin nan naka, ya fi kusa da e ko da a'a?"

Ta ɗauki kara ta ja layi a ƙasa mai danshi. Ta ce wannan bakin shi ne a shuka gobe, wancan shi ne a jira ruwa na gaba. An koya musu, in ji ta, cewa mai shakka ba wuri ɗaya zuciyarsa take tsayawa ba, tana kai da komowa ne tsakanin wurare biyu. Ta ce kowa ya ɗauki tsakuwa biyu, ya nuna a kan layin daga ina zuwa ina zuciyarsa take kaiwa.

Baffa ya yi dariya. "Ɗiyata, dara aka tura ki koyo?" Amma ya karɓa.

Ni na fara. Na sa ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Baffa ya ce, "Kai ka cinye layin duka, mu ina za mu zauna?" Har Inna sai da ta murmusa, karo na farko tun rasuwar.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne tsakuwar Baffa. Ta farko ya ajiye ta a bakin shuka. Ta biyu ya daɗe yana murza ta, sannan ya kai ta har gaba da tsakiya. Ashe mai babbar muryar ma bai tabbata ba. Ya faɗi gobe ne don yana ganin wani ya kamata ya yi magana irin ta Baba.

Inna ta jera nata kusa da juna, can ɓangaren jira, ɗaya tana taɓa ta Baffa. Muka duba, sai ga ɗan wurin da duka muka haɗu, kaɗan bayan tsakiya.

Muka shuka kaɗan a gangaren gona inda danshi yake daɗewa, muka rufe tulun da sauran. Ruwa ya ɗauke, shukar ta bushe sai tsirarai. Da damina ta zauna muka shuka ragowar, ya yi kyau, muka sake cika tulun. Irin nan yana tulun har yanzu, bana ma shi na shuka.

Tun daga ranar, in mutum ya ce mini ba laifi, ba na tashi. Ina zama in tambaye shi daga ina zuwa ina, domin na ga yadda kunya ta kusa cinye mana abin da Baba ya bari.