Muryar Kaka da Lawali Ya Shafe

Ƙanena Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya shafe mini muryar kakarmu. Ya buɗe akwatina, ya ɗauki kaset ɗin, ya naɗi waƙar jam'iyyarsu a kai. Na faɗi sunansa tun farko don kar a ce ɓarawo ne ya shigo.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Abin da na sani na duniya, rabinsa a Jiratawa na ji shi, bakin murhun Kaka Hajo. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta tura karan gero cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma wadda muke roƙo ita ce ta mutumin cikin faifai.

Mijinta sojan Faransa ne a yaƙin duniya na farko. A can ya yi abota da wani soja baƙar fata ɗan Amirka, suna hira da guntun Faransanci da nunin hannu. Shi ya ba shi faifan, ya ba shi labarin mai waƙar. Garmaho kuma daga baya ya sayo a Kano. Lokacin da muka taso allurarsa ta daɗe da ƙarewa, sai Kaka ta aike mu mu tsinko ƙayar aduwa, ta fiƙe ta da wuƙa, ta ɗaura a madadin.

"Kai maigida," ni take nufi, "murɗa muna hannun, in dai tuwona bai tahi banza ba."

Sai murya ta fito daga cikin ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Namiji ne, murya mai kauri. Ya yi waƙa, ya tsaya ya yi magana, ya kece da dariya. Ko kalma ɗaya ba ma ji. Kaka ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ga wata ta haye teku ta iso muku." Mu ce mun shimfiɗa mata tabarma.

Wai kakannin mai waƙar daga irin ƙasarmu aka kamo su. Shi ya tashi mawaƙi mai ban dariya, Nasara na cika gidan wasa don su gan shi. Amma ba su yarda ya tsaya gabansu da fuskar da Allah ya ba shi ba. Baƙi ne kamar mu, duk da haka sai ya shafa baƙin tukunya, ya zana baki fari, ya yi tafiyar wawa. In an tashi ta ƙofar baya yake fita, kuma ba ya cin abinci inda suke ci. Wata rana suka kawo na'ura, suka ce ya yi waƙa a bakinta. Sai ya nemi ruwa ya wanke fuska tas.

"Nan ya ci su," in ji Kaka, tana dukan gwiwarta. "Na'ura ba ta da ido. Wagga da kuke ji, da huskarshi ya yi ta."

Tsoho Nomau, maƙwabcinmu ɗan bori, yakan leƙo ta katanga ya ce iska ne a ciki, a yanka masa zakara. Kaka ta ce, "Kai dai kana son nama. Saurara, ba ka jin yana jan numfashi? Mutum ne, kuma ya gaji."

Ban sani ba ko haka aka yi, ko Kaka ta ƙara gishiri. Ban damu ba.

Da na girma na kama ɗinki a Sabon Gari, na sayi manyeto mai ɗaukar murya, na je Jiratawa na naɗe ta. Ta tsufa, haƙora sun zube, amma ta ba da labarin duka, faifan na juyawa a gefenta. Na ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset, wanda in babu shi ba a iya naɗar komai a kai. Bayan rasuwarta damina ta rusa ɗakin kan garmaho da faifan. Kaset ɗin kaɗai ya rage.

Sai aka buɗe siyasa. Jam'iyyu ko'ina, yajin aiki ko'ina, komai ya yi tsada. Lawali ya zama mai ɗaukar lasifika. Za su taro a Tibiri, bai da kaset, sai ya tuna da nawa. Ya ga ramin, ya san dalilinsa, ya cusa guntun takarda ya toshe. Wannan ba kuskure ba ne.

Sai yanzu nake gane abin da Kaka ke yabo. Na ga maza da gemu suna rawa gaban manya, suna dariyar da ba tasu ba, don a ci abinci. Ban zarge su ba, ni ma na yi. Amma wancan bawan Allah ya samu wuri ɗaya da ya tsaya da fuskarsa, ya bar shaida, har ta iso Jiratawa. Wannan namiji ne.

Na iske Lawali a unguwar Zariya, a teburin mai shayi, cikin abokansa.

"Haba Yaya," ya ce, "waƙar Nasara ce fa, da surutun tsohuwa. Bari mu ci zaɓe, kwali guda zan kawo maka."

Na ce, "Ba Nasara ba ne, kuma ka sani, kana zaune ana ba da labarin. Kaka ta mutu, mun kai ta, mun san inda take. Shi ba mu san kabarinsa ba, ba mu san ko nasa sun ajiye muryarsa ba. Wataƙila a akwatina kaɗai yake numfashi. Mutum biyu ka binne da guntun takarda, Lawali. Je ka ci zaɓenka. Ran da ɗiyanka suka tambaye ka yadda Kaka ke magana, ka sa musu waƙar jam'iyyarku."