Kawu Ermete, Mai Ƙirga Jifa da Wake

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ƙanwata ta bugo mini waya daga garinmu Nettuno na ƙasar Italiya ina tsaka da aiki a masana'antar kifi, a nan arewacin Norway. Ta ce Kawu Ermete Cianfoni ya rasu da hantsi, bayan mako uku yana jinyar huhu. Kawu, shekarunka saba'in da tara. An binne ka ranar Alhamis. Ban samu zuwa ba, kuma ko da na samu, ban san da wane ido zan dubi kabarinka ba.

Shekara talatin da ɗaya kana koyar da yaran unguwarmu wasan besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buge ta da sanda. A hannunka na koya, daga baya na zama mataimakinka. Kai kake ɗinke tsohuwar safar hannu ka ba yaron da ba shi da ita. Kai kake cusa yara tara a motarka mai warin taba, ka tsaya a hanya ka saya musu burodi da nama. Amma ba zan mai da kai waliyyi ba don ka mutu. Bakinka da kaifi, kanka da tauri, kuma ban taɓa jin ka amsa laifi ba.

Duk ranar da aka ci mu, iyaye sukan taru a bakin shinge, kowa da dalilinsa. Wannan ya ce alƙalin wasa ne, wancan ya ce ba a sa ɗansa ba. Kai kuwa cewa kake yi ba ƙarfin abokan karawa ne ke kayar da yara ba. Ƙwallo ce za ta tashi sama, yara biyu su tsaya kowa yana jiran ɗan'uwansa. Uba ne zai riƙa ihu ta baya har yaro ya rasa muryar wa zai bi. Sai kuma kocin da zai samu yaro ɗaya mai hannu, ya ɗora masa kayan duka.

A kan wannan na ƙarshe muka rabu. Kafin kowane wasa kakan zuba ƙwayar wake sittin a aljihun dama. Duk jifan da mai jifa ya yi, ka mayar da ɗaya hagu. In na dama ya ƙare, yaro ya sauka, ko ɗan wane ne. Ka ce gwiwar hannun ɗan shekara sha biyu ba ta gama ƙwari ba.

A wasan ƙarshe na yankinmu muna gaba da maki ɗaya, saura zagaye guda. Wani yaronmu Tullio ne ke jifa, ba wanda ya iya taɓa ƙwallonsa. Na san waken ya kusa ƙarewa. Tun da safe na ɗebo nawa a kicin, sai na matso kamar zan yi maka raɗa, na zura maka guda goma a aljihun dama. Ka sa hannu, ka fito da su a tafinka, ka dube ni.

"Fulvio, ɗan nema, ko satar ma ba ka iya ba. Nawa fari ne, naka mai zane. Kai wa matarka ta dafa maka."

Ka sauke Tullio yana kuka. Wanda ya canje shi ya ba da maki uku, aka ci mu. A nan kai ma da naka laifin, domin yaron nan ba ka ba shi horon da ya isa ba, kai da kake zargin wasu da haka.

Kwamitin ƙungiya ya zauna a kan sallamarka. Mu bakwai ne, huɗu suka ɗaga hannu. Hannu na huɗun nawa ne. Aka ba ni gurbinka. Da shekara ta zagayo na sa Tullio ya yi jifa a wasa uku cikin kwana biyu. Muka ɗauki kofi, aka ɗaga ni sama ana waƙa. Yana ɗan shekara sha huɗu aka yi masa aiki a gwiwar hannu, bai sake jifa ba. Yau yana gyaran injin jiragen kamun kifi, hannun har yanzu ba ya miƙewa sosai.

Bara da rani na zo gida, na same ka zaune a wurin shan gahawa na bakin teku. Na ja kujera da niyyar in amsa maka laifina. Ka ce na yi tumbi, ka tambaye ni ko kifin Norway ma ina barin su su yi jifa har su karye. Na yi dariyar yaƙe, na mai da hirar kan sanyin can. Na tashi da maganar a cikina, ina tunanin akwai baɗi.

Yanzu na ga a waya kwamitin ya kafa hotonka da furanni, suna kiran ka uban ƙungiya. Biyu daga masu ɗaga hannun nan har da su a ɗaukar akwatinka. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, sai na tuna ni ba ni da bakin magana.

To ga shi a rubuce, inda kowa a garinmu zai karanta. Kai ne da gaskiya, Kawu. Ni na kore ka, ni na lalata hannun yaron.

Allah ya gafarta maka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutun da mu ba mu ba ka ba. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Ombretta, da 'ya'yanka Saverio da Nives. Allah ya ba su haƙuri, ya sanyaya musu zuciya.

Kai kuma Tullio, na san rashin nan ya taɓa ka fiye da mu duka. Zan dawo a watan Yuli, zan zo ƙofarka. In ka buɗe, na gode. In ba ka buɗe ba, ban ga laifinka ba.