Na Ɗauka Sanyi Ne, Ashe Zuciyar Ɗiyata Ce Ke Gazawa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son in rubuto maku wannan labari, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ji na kasa. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Ni mutuniyar Argungu ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Maigidana masunci ne, in ruwa ya janye kuma ya koma noman shinkafa a fadama. Ni kuwa sana'ata bandar kifi, sai dai ba da kifi aka san ni a unguwarmu ba, da jego aka san ni. Haihuwata tara, bakwai na raye, kuma kowace haihuwa na yi wankana na kwana arba'in cur, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, na sha kunun kanwa har na gaji. Uwata ta koya mini, ita ma tata ta koya mata. Idan mace ta haihu a unguwa ni ake aiko wa, ni ke taɓa ruwa in ce ya yi ko bai yi ba, ni ke auna kanwar da za a zuba a kunu. A wancan lokaci ina ji da kaina ƙwarai. Idan wata ta kawo mini zancen abin da aka ce mata a asibiti, nakan ce da ita masu faɗin haka ai mu muka wanke uwayensu.

Ɗiyata ta fari tana aure a Birnin Kebbi, unguwar Badariya, mijinta malamin makaranta ne. Shekara huɗu ta yi ba ta samu ciki ba, har mun fara damuwa, sai Allah Ya kawo. Ta haifi 'ya mace a asibiti, bayan suna aka kawo mini ita gida don ta yi wanka, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da ta iso, tana fitar da kayanta daga jaka, na ga wasu ƙwayoyi a leda. Ta ce mini a ƙarshen cikin jininta ya hau, malamar asibiti ta ce ta ci gaba da shan maganin ko bayan ta haihu, ta rage gishiri, ta kuma koma a duba ta bayan mako biyu. Na yi dariya na ce hawan jini ciwon tsofaffi da masu tunani ne, me yarinya kamarta ta sani. Na karɓe ƙwayoyin na jefa cikin wata kwalla a ɗakina, na ce irin waɗannan ne ke ƙafar da nono. Ba ta yi mini musu ba. 'Yar fari ce, tsakanina da ita akwai kunya, ko sunanta ba ni faɗi, ita ma ba ta saba mayar mini da magana ba.

Muka shiga wanka. Tun da asuba nake hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, in ruwa ya tafasa in tsoma ganye in riƙa fyaɗa mata a jiki har fatarta ta yi ja, da la'asar a sake. Ta fito ta sha kunun kanwa kwano guda, ga naman ƙauri da yaji da gishiri. Mako biyu na farko lafiya lau. Da ranar komawa asibiti ta zo ta tuna mini, na ce mai jego ba ta hawa mota da ɗanyen jiki, a bari sai ta yi arba'in.

A mako na uku ƙafafunta suka fara kumbura. Takalminta ya daina shiga, zoben hannunta sai da muka sa sabulu kafin ya fita. Maƙwabta masu shigowa suna cewa jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba, ni kuma ina jin daɗin yabon. Daga nan tari ya zo. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ta daina kwanciya sosai, sai ta tara matasai ta jingina, ta ce in ta miƙe kamar ruwa ke shaƙe ta. Duk wannan na gani da idona, na kuma ba shi sunan da na sani: na ce sanyi ne ya shige ta saboda ta haihu a asibiti ba a gasa ta da wuri ba. Maganin sanyi kuwa a wurina zafi ne. Sai na ƙara itace, na ƙara kanwa.

Mutum biyu sun yi ƙoƙarin tsayar da ni. Na farko mahaifinta. Ya dawo daga gulbi wata rana ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ya daɗe yana kallonta, sannan ya kira ni gefe ya ce numfashin yarinyar nan bai yi masa ba, a kai ta a duba. Na ce da shi tun yaushe maza suka fara sanin jego, ya tsaya ga komarsa ta kamun kifi ya bar mini abin da na gada. Ya juya ya fita. Ta biyu ita ce ɗiyar da kanta, kuma wannan ne abin da ya fi cina har yau. Mijinta kan kira ta a waya kullum da hantsi. Wata rana kafin ya kira, ta dube ni ta ce, "Inna, ki bari in hwaɗa mishi. Ƙirjina kamar an aza mini dutse." Na ce ta rufa mini asiri, so take dangin mijinta su ce an kawo mini ɗiyata na kasa riƙe ta, ni da nake wanke 'ya'yan mutane? Wayar ta yi ƙara, ina tsaye kanta, ta ce da shi lafiya lau take, jinjira ma lafiya. Daga ranar zuwa ranar da ta faɗi, kwana tara ne.

Da safe ne, muna tsakiyar wanka. Na fyaɗa mata ganye sau uku ko huɗu, sai na ga ta zame daga kan turmin da take zaune. Na tallabo ta, tana buɗe baki tana neman iska, wata kumfa mai ɗan ja-ja na fitowa, leɓɓanta sun yi duhu. Na ɗora tafin hannuna a ƙirjinta, na ji abu na bugawa da sauri ba tsari, kamar zai tsaya. Ihun da na yi ne ya tara maƙwabta. Aka samo mota muka kai ta asibiti nan Argungu, suka sa mata robar iska a hanci, suka yi mata allura, suka ce a wuce da ita Birnin Kebbi yanzu-yanzu. Hanyar da na bi sau ba adadi, ran nan na ɗauka ba za ta ƙare ba. Ɗiyata na jingine a jikina, ƙanwata na riƙe da jinjira, mahaifinta na gaba bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Mijinta ya tarye mu a ƙofar asibiti. Ya dubi ƙafafunta, ya dube ni, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta girmi ɗiyata da yawa ba ma a ganina. Bayan an ɗan shawo kan numfashin ta zo tana tambayoyi, ta ce a takardar awo an rubuta maganin hawan jini, tana shan shi? Na yi saurin cewa tana sha. Likitar ta ce tana roƙon a gaya mata gaskiya, domin da amsar za ta san abin da za ta ba ta. Kafin in buɗe baki, ɗiyata, da robar nan a hancinta, ta ce ita ce ta manta da shi a jaka. A halin da take ciki, ni take karewa. Nan na zauna a ƙasa na faɗi komai: ƙwayoyin, kanwar, ranar komawa da na hana, har da wayar. Mijinta na tsaye yana ji.

Washegari aka yi mata hoton zuciya, likitar ta kira ni ta ce in zo in gani. Na ga wani abu a allo yana motsi a hankali, yana buɗewa amma ba ya rufewa sosai. Ta ce wannan ita ce zuciyar ɗiyata. Ta bayyana mini cewa zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, kuma ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗauko iska, ɓangaren hagu kuma ya karɓe shi daga huhu ya harba shi ko'ina, daga kai har yatsun ƙafa. Ta ce lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa, zuciya na aikin mutum biyu, to wasu matan gab da haihuwa ko bayanta tsokar takan saki ta kasa matsawa. In ta kasa turawa sai jini ya riƙa taruwa a baya, ruwan da ke cikinsa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu. Shi ne kumburin da muka kira ƙiba, shi ne kuma abin da ke shaƙe ta in ta kwanta. Shekara hamsin da wani abu ina cewa zuciyata ta ɓaci, zuciyata ta yi fari, ban taɓa sanin aikin da take yi ba sai ran nan.

Na tambaye ta kai tsaye ko ni na jawo. Ba ta yi mini ƙarya don ta faranta mini ba, ba ta kuma ɗora mini abin da ban yi ba. Ta ce su kansu ba su gama sanin abin da ke sa zuciyar wata ta saki ta wata ta tsira ba, yana samun har matan da ba su taɓa wankan jego ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kowane kwanon kunu ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Zafin ruwa na tilasta mata gudu, hawan jinin da aka bari ba magani kuma na sa ta turi da ƙarfin da ba ta da shi. Ta ce abin da ya fi duka ɓarna shi ne jinkiri, da an kawo ta ranar da ƙafar ta fara kumbura da wataƙila labarin ya bambanta.

Allah Ya yi da sauran kwananta. Mako uku ta yi a asibiti, ana ba ta magungunan da ke fitar da ruwa ta fitsari da masu taimakon zuciya, kumburin ya saɓe har ta koma siririya. Da aka sallame ta gidan mijinta aka wuce da ita, ni ma na bi su. Ranar na shiga ɗakinta na aje kunyar 'yar fari gefe, na kira ta da sunanta na ce ta yafe mini. Ta kama hannuna ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, ta san so ne. Na ce so ne da girman kai, kuma girman kan ya fi yawa.

Yau shekara biyar ke nan. Tana shan magani kullum, tana zuwa asibiti a kan kari, zuciyar ta farfaɗo amma ba ta koma yadda take ba. Likitoci sun gaya mata ita da mijinta cewa wani cikin na iya tafiya da ranta. Ita da take cewa goma za ta haifa. Kwanan baya na je Badariya, jikata ta dawo daga makarantar allo ta tambayi uwarta yaushe za a sayo mata ƙane kamar na 'yan gidan maƙwabta. Uwar ta yi murmushi ta ce ta roƙi Allah. Ni kuwa sai na tashi na ce zan yi alwala.

Har yanzu akan aiko mini in an haihu, ina kuma zuwa, amma da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama ciki, kuma ba na dama kunun kanwa. Ina danna yatsa a ƙwaurin mai jego in ga ko wurin zai lotsa, ina sauraron numfashinta, in abu bai yi mini ba ba na barin gidan sai an nemo mota. Wasu gidajen sun daina kirana, suna cewa tsoro ya lalata ni. Ban damu ba.

Ban rubuto don in zagi abin da muka gada ba. Uwayenmu sun yi da abin da suka sani, kuma kula da mai jego alheri ne. Abin da na gane shi ne, don na yi sau tara na tsira, ba shi ke nuna kowace mace za ta tsira ba, kuma abin da ke cikin ƙirji ido ba ya ganinsa komai daɗewar mutum a sana'a. Ina kira ga uwaye da surukai da kakanni irina: in mai jego ta kumbura, ko tana haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, kada ku tsaya ba abin suna, ku kai ta asibiti a ranar. Maganin da aka ba ta ba naku ba ne balle ku karɓe. Ku kuma 'yan mata masu haihuwa, ladabi ga uwa wajibi ne, amma ba a cikinsa yin shiru har rai ya fita. Ni Allah Ya bar mini tawa ina ganinta. Ban san da wane ido zan dubi jikata ba da ta tashi ta tambaye ni ina uwarta.