Waƙafin da ke cikin nauyin yaro

Nasiba ɗiyar Magagi mai gyaran rediyo ce, a bakin kasuwar Filingue ta girma. Ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo gida saboda ciwon ƙafar innarta. Wata ƙungiya mai ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyukan Kurfai ta ba ta aikin rubuta manhaja. Ma'aikacin lafiya zai buɗe shafi a wayarsa, ya rubuta nauyin yaro, shafin ya gaya masa yawan maganin zazzaɓin da za a ba shi.

Sati uku kawai suka ba ta, don damina ta kusa. Sashen da ke karɓar abin da mutum ya rubuta ya miƙa shi ciki, wanda masu sana'ar ke kira kontrola, shi ta cusa wa komai: karɓa, lissafi da amsa. Shafi uku ne, na sabon yaro, na wanda ya dawo, da na wanda aka turo daga wani ƙauye. Don sauri, ta kwafi lissafin ta liƙa a kowanne.

Da aka fara aiki ta gano matsala. Mutanen da suka yi lakkwal, wato boko, da Faransanci waƙafi suke sa wa lamba, su rubuta 8,5, ita kuwa manhajar sai ta zubar da waƙafin ta karanta 85. Nasiba ta gyara, ta gwada, ta manta da zancen.

Ranar wata Lahadi da hantsi, kasuwa na ci, tana duba abin da ya shigo sai ta ga wata yarinya a ƙauyen Sanam, mai wata goma sha ɗaya, nauyinta kilo saba'in da biyar. Ta buɗe kontrolan shafi na uku. Tsohon lissafin yana nan, ba ta taɓa shi ba. Minti arba'in ke nan da shafin ya ba da adadin maganin babban mutum.

Ta rufe shafin gaba ɗaya, ta kira Majo Isufu, shugaban ɗakin shan maganin Sanam. Ba rezo, kiran bai shiga ba. Ta sake kira, sau tara.

"Mi ya faru?" in ji innarta daga kan tabarma.

"Inna, ina jin na kashe ɗiyar wasu."

Ta yafa mayafi ta nufi tasha. Motar Sanam sai kasuwa ta watse za ta tashi. Ta zauna a benci da waya a cinya, tana lissafa awowin da magani ke ɗauka kafin ya kama ƙaramin jiki. Ba ta san yarinyar ba, sunanta kawai ta gani, Basiratu. Duk macen da ta wuce da goyo sai Nasiba ta kawar da kai.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Majo ne, muryarsa na yankewa.

"Majo, yarinyar da anka turo da safe, kun ba ta?"

"Na ɗebo, Malama. Sai na ga abin ya yi wa idona yawa, na koma ga tsohuwar takardata ta awon magani. Tana nan tana barci a bayan uwatta. Da jiya ne, sabuwar ma'aikaciyarmu ce kan aiki. Ita duk abin da waya ta ce shi take yi."

Nasiba ta tashi daga bencin ta koma gida.

Washegari ta je ta gaya wa shugabannin ƙungiyar da bakinta. Kwana goma ta yi tana warware aikin. Ta fitar da lissafin wuri ɗaya, kowane shafi can yake tambaya. Ba ta bar wa kontrola komai ba sai duba abin da ya shigo: nauyin da bai dace da shekaru ba, ya ƙi karɓa. Ta rubuta gwaje-gwaje da waƙafi, da ɗigo, da gurbi babu komai, sannan ta aika wa wata abokiyar karatunta a Yamai ta karanta layi-layi.

Ta bi duk yaran da suka taɓa bi ta shafi na uku, su goma sha huɗu. Sha uku nauyinsu ba waƙafi, na Basiratu kaɗai ke da shi. Har yanzu ita ke riƙe da manhajar, kuma ba ta sakin gyara ranar da Majo Isufu ba ya kan aiki.