Fayil Ɗin Asibiti da Kilishin Yaya

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ban da wannan rana. Har yau in na tuna, sai gabana ya faɗi kafin dariya ta zo.

Wata huɗu da zuwana Laurel wajen mijina, jiri ya matsa mini, na je asibiti aka ɗebi jinina. Zan fita ke nan, matar da ke karɓar marasa lafiya ta miƙo mini takarda, ta ce ina da damar karɓar fayil ɗina duk ran da na so, in sa hannu a nan. Har da murmushinta.

Na karɓi takardar na fita. A garinmu majinyaci ba ya taɓa fayil ɗinsa. Nas ce ke rungume da shi, ko leƙawa ka yi sai ta daka maka tsawa. Sau ɗaya na ga an ba mutum nasa: kakana, ran da likita ya ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Bai yi sati ba.

Ina isa gida na yi alwala, na shiga neman yafiyar mutane. Na fara da yayar mijina, wadda ke aikin nas a Springfield, na kira ta a waya.

"Yaya, ki yafe mini. Kilishin nan ƙunshi uku da Hajiyarku ta ba ni in kawo miki, na ce an ƙwace a filin jirgi, wallahi ni na cinye tun muna sama."

Ta ce, "Duka?"

"Duka, Yaya. Tafiya ce ta zo mini. Asibiti sun ce in karɓi fayil ɗina."

Ta sa na karanta mata takardar ina shessheƙa. Sai na ji ta tuntsire da dariya har da tari.

"Ke amarya! Doka ce ta tilasta musu. Ko ƙaya ce ta soke ki, sai sun gaya miki yadda za ki ga bayananki. Ni kaina kullum ina raba wannan takardar."

Da sakamako ya fito, ashe ƙarancin jini ne kawai. Da Yaya ta zo gidanmu ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah. Kilishi ƙunshi uku, amma ba jini."

Tun daga ranar na koyi yin tambaya kafin in fara wasiyya. Jini dai ya dawo, amma magana zarar bunu ce: har yau a danginmu ba mai aike na da nama.